Ko bishiyar wilo za ta rayu a Argungu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a ƙasar Sin ya turo mini hoton wata bishiya da ake kira wilo, rassanta sun zubo har suna taɓa ruwa. Ta shiga raina ƙwarai. Zan iya dasa ta a tsakar gida, kusa da rijiya?
Wata uwa, Argungu

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki dasa ta kusa da rijiyar nan. Saiwar wilo neman ruwa take yi, kuma tana bazuwa nesa da inda inuwarta ta tsaya. Takan kutsa cikin bututu da ramin masai, ta ɗaga daɓe. Masana sun ce a bar aƙalla mita 15 tsakaninta da gini, ni kuwa ban ga tsakar gida da yawa masu wannan fili ba.

Sai batun yanayi. Asalinta arewacin Sin ne, inda ake sanyi mai tsanani, ta zubar da ganye ta huta. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce maki 40, ga rani mai tsawo. A kan tudu za ta sha wuya, gara ta ƙarasa ta.

Idan kina da gona a fadama, inda danshi ba ya yankewa, nan ne kawai zan ce ki gwada, tare da sanin cewa gwaji ne. Ba ta da wuyar kamawa: reshe mai kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya, a soka shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa da zarar damina ta sauka. A yi masa shinge, domin awaki ba sa raga wa ganyensa. Shekara biyun farko kada ƙasar ta bushe ko kaɗan. A riƙa sassabe ƙananan rassa a bar guda ya miƙe, saboda itacenta na da saurin karyewa, kin kuwa san iskar farkon damina. Ko a inda ta ji daɗi, da wuya ta haura shekara 50.

Kada yaron ya sako reshe cikin jaka, shigo da tsiro daga waje sai da izinin hukuma. Tsakar gida kuwa ki dasa mangwaron aure, shi ma ki ja shi nesa da bakin rijiya.