Amsa ga mai son haɗa 'yar MP3 da tsohon rediyon Baba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka saya wa Baba 'yar MP3 ka cika masa memori da tafsiri da karatun Alƙur'ani, amma ya ƙi sa iyafis a kunne, ya ce shi dai sai ta rediyonsa mai kaset zai ji. Kana tambaya ko za a iya haɗa su. Za a iya, kuma Baba yana da gaskiya, sifikun tsofaffin Sharp da National ɗin nan sun fi na ƙananan na'urorin yanzu cika ɗaki.

Kada ka sayi komai tukuna. Juya rediyon, ka goge ƙurar bayansa, ka haska da fitilar waya ka karanta rubutun da ke jikin ramukan. AUX ko LINE IN kake nema, wani lokacin CD IN ko TAPE IN ake rubutawa. In ka ga ramuka biyu masu zagaye, ja da fari, da irin wannan rubutun a jikinsu, aikinka ya ƙare. Sai ka nemi kebul mai kan iyafis a gefe ɗaya, wato mai kaurin milimita 3.5, ɗaya gefen kuma kai biyu, ja da fari, wanda ake kira RCA. Ja na sifikar dama ne, fari na hagu. A kasuwar Sabon Gari ko Farm Centre a Kano ba za ka sha wahalar samu ba. Ka duba kan da zai shiga MP3 ɗin ya zama mai zobe biyu baƙaƙe, domin mai zobe uku an yi shi ne da layin makirfo, kuma a wasu na'urorin sai ka ji muryar mai karatu ta yi nisa kamar daga cikin rijiya. Bayan ka soka, ka tura maɓallin zaɓi na gaban rediyon ya bar RADIO ko TAPE ya koma AUX. Mutane da yawa a nan suke makalewa, su ɗora wa kebul laifi.

Ga wautar da ni na tafka. Rediyon mahaifina ramuka ja da fari kashi biyu gare shi, ni kuwa ban tsaya karatu ba, na soka a na farko. Ina kunnawa sai sauti ya fito a dagargaje, ganga tana rugugi, sifika tana rawa kamar za ta yage. Tsoho ya leƙo ya ce, "Kai, ka kashe mini rediyo ko?" Na ɗauke shi a bayan babur har wurin mai gyara. Bawan Allah ya duba, ya yi murmushi, ya zare kebul ya mayar ramin gefe, shi ke nan. Ashe a PHONO na sa. Wannan ramin na garmaho ne, allurarsa sauti ɗan mitsitsi take bayarwa, don haka akwai abin da ke ninka shi sosai a ciki, yana kuma ƙara wa ganga nauyi. In ka ba shi sautin MP3 sai ya shaƙe. Ramin MIC ma kusan haka yake, ka bar shi.

Idan babu AUX sam, sai kaset ɗin yaudara. Kaset ne a ido, amma babu zare a ciki, siririyar waya ce ta fito daga gefensa ka soka a MP3, ka sa shi a gidan kaset ka danna PLAY. Na yi amfani da shi kusan shekara biyu. Yana aiki, sai dai dole kan da ke karanta kaset ya zama da rai, ka goge shi da auduga da ɗan sifirit. Za ka riƙa jin ƙas-ƙas na juyawarsa, kuma rediyo mai juya kaset da kansa wani lokacin yakan ɗauka zare ya ƙare, ya yi ta juyi ba tsayawa.

Akwai kuma 'yar tashar FM ta aljihu, wadda ke watsa sautin MP3 ɗin ka kamo a rediyo kamar wata tasha. Ni ban cika son ta ba. Zangon FM daga 87.5 zuwa 108 ne, a cikin Kano kuwa ya cika maƙil, ga Freedom a 99.5, ga Arewa a 93.1, ga sauran, kafin ka samu gurbin da babu kowa ka gaji, kuma tsuwwa ba ta rabuwa da shi. A ƙauye ta fi daɗi. Sannan ka tabbata rediyon yana da FM ɗin ma, don da yawa cikin na dattawanmu gajeren zango da matsakaici kawai suke kamawa, na jin BBC da asuba. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Japan kuma FM ɗinsu na da daga 76 zuwa 90 yake tsayawa.

Wani zai ce maka Bluetooth. E, akwai 'yar na'urar karɓa da ake ba wuta da cajar waya, amma ita ma a AUX ake soka ta, kuma sai MP3 ɗin yana da Bluetooth. Ga dattijo kuwa ƙarin wahala ne, kullum sai an kira jika ya haɗa.

Wajen murya, ka sa ta MP3 kamar kashi uku cikin huɗu ka bar ta a nan, Baba ya riƙa ƙarawa da ragewa a jikin rediyo yadda ya saba. In ka ƙure ta sauti zai fashe, in ka rage da yawa sai shuuu ya rufe karatun. Kuma ka rage muryar rediyo kafin soka kebul ko cire shi, wannan "ɗum" ɗin ba ya yi wa sifika daɗi. In ka ji gurnani yana bin sautin, duba ko MP3 ɗin yana kan caji, musamman da caja mai araha ko wutar janareta. Cire cajar ka ji, galibi nan take yake ɗaukewa. Ni da dare nake caja wa tsoho, da safe ya sha karatunsa a batir.

Ka turo hoton bayan rediyon, wanda rubutun ya fito sosai, sai in nuna maka ramin da za ka sa. A gaida Baba, Allah ya ƙara masa lafiya.