Filin Lafiyar Iyali: Dannau, Mugun Mafarki da Bashin Barci

A Kaduna, garin da har kasuwa aka raɗa wa suna Kasuwar Barci, abin mamaki ne yadda wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata suka fito daga mutanen da barcin ya gagara. Na zaɓi uku daga ciki, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni direban motar haya ne, ina lodi a tashar Kawo, shekaruna 41. Nakan fita da an idar da sallar asuba, ba na dawowa sai wajen goma na dare, idan kuma ana ƙwallo sai na biya gidan kallo, saboda haka ba na kwanciya sai sha biyu da rabi. Wata uku ke nan kusan kowane mako sai dannau ya danne ni. Ina ganin ɗakin, ina jin motsin iyalina, amma ko yatsa ba na iya ɗagawa, sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji, wani lokaci har in ga inuwar mutum a bakin ƙofa. Na sha rubutu, na yi turare, abin bai daina ba. Da rana kaina yana ciwo, fushi ya yi mini yawa, goro da lemon ƙarin kuzari ne kawai ke riƙe ni a hanya. Jifa aka yi mini ko ciwo ne? (Wani direba daga Hayin Banki)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu je ga dannau, mu yi lissafin da ya fi na kuɗin mota sauƙi. Wanda ya kwanta sha biyu da rabi ya tashi ƙarfe biyar, barcin awa huɗu da rabi ya yi, alhali baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9. Ke nan kowane dare kana cin bashin aƙalla awa biyu da rabi, a mako ya haura awa 17, wato kamar an zare maka barcin dare biyu cur daga cikin bakwai.

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce daga kwanciya zuwa tashi. Zagaye ne da ke maimaita kansa kusan kowane minti 90, kuma a cikin kowane zagaye akwai wani mataki da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarta, wanda masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka suka bayyana a 1953. A wannan mataki ne ake yin mafi yawan mafarkin da mutum ke tunawa, kuma a cikinsa ƙwaƙwalwa kan saki kusan duk tsokokin jiki, domin kada mai mafarkin gudu ya miƙe ya faɗa rijiya. Dannau shi ne hankalinka ya riga jikinka farkawa: idonka ya buɗe, kunnenka yana ji, amma tsokokin suna nan a sake, inuwar da kake gani a bakin ƙofa kuwa ragowar mafarki ce da ta biyo ka cikin ɗaki. Nauyin ƙirjin ma yana da dalili, domin tsokokin haƙarƙari ba sa amsa umarninka a lokacin, sai ka ji kamar numfashi zai ɗauke, alhali tantanin da ke ƙarƙashin huhu yana ci gaba da aikinsa. Abin yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ba ya kisa. Abubuwan da aka fi sani suna jawo shi su ne ƙarancin barci, da rashin tsayayyen lokacin kwanciya, da damuwa, da kwanciyar rigingine. Ka ci gaba da addu'o'in kwanciya, ka kuma kwanta a gefen dama kamar yadda aka koya mana tun a makarantar allo. Idan ya zo, kada ka yi kokawa da shi, ka maida hankali kan motsa ɗan yatsa ɗaya ko harshe har jikin ya sake ka.

Ni dai ba dannau ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba, hanya ce. Gwaje-gwaje sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hankalinsa da na hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya, kai kuwa da ka tashi biyar na asuba, da goma na dare ka cika awa 17 daidai, lokacin da kake kan hanyar Zariya da fasinjoji a bayanka. Gyangyaɗin daƙiƙa uku kacal, wanda direba ba ya ma sanin ya yi, a gudun kilomita 100 cikin awa, mota ce ta ci fiye da mita 80 babu mai tuƙa ta. Goro da lemon kuzari ba sa biyan bashin barci, kafeyin da ke cikinsu yana toshe kunnen jiki ne kawai kada ya ji gajiyar, kuma rabinsa yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, saboda haka goron da ka tauna da magariba shi ke hana barcinka nauyi da tsakar dare. Ka tsayar da goro daga azahar, ka samu ƙailular minti ashirin a tasha kafin layinka ya zo, ka bar wa yara ƙwallon tsakiyar mako. Sannan ka je a auna jininka, domin a barci ne bugun zuciya da ƙarfin jini ke sauka su huta, kuma an daɗe da sanin alaƙar gajeren barci da hawan jini da ciwon suga. Ka kuma tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa ka farka da shaƙewa, domin wannan wata cuta ce daban da ke bukatar asibiti.

Tambaya: Likita, bara aka sace maigidana a hanya, ya yi mako bakwai a daji kafin mu haɗa abin da aka nema. Allah ya dawo mana da shi da rai, amma tun daga nan bai sake barcin kirki ba. Mafarki ɗaya yake yi kullum, ya farka jiƙe da gumi yana ihu, akwai daren da na taɓa shi ya kai mini duka bai sani ba. Yanzu zama yake yi a tsakar gida har asuba don tsoron ya kwanta, idan ya gaji sai ya sha wata ƙwaya da yake saya a kemis. Ya hana ni gaya wa kowa, ya ce ba a faɗar mugun mafarki. Ni ma barcina ya lalace. Me zan yi? (Wata uwargida daga Rigasa)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya tsare gaba, ya ba ki ladan haƙuri. Abin da maigidanki ke fama da shi sananne ne a wurin likitocin ƙwaƙwalwa, yana bin wanda ya ga mutuwa da idonsa ya tsira, kuma ba alamar raunin imani ba ce ko ta rashin mazantaka. Jiharmu ta ga irin wannan da yawa, tun daga harin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda wasu fasinjojinsa ba su fito ba sai a watan Oktoba, har zuwa waɗanda aka ɗauke a gonakinsu babu jaridar da ta ji. Mun iya taron barka da arziki ranar da mutum ya dawo, amma abin da ke faruwa a ɗakinsa bayan baƙi sun watse ba kowa ke tambaya ba.

Mugun mafarki na lokaci-lokaci kowa yana yi. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shi, haka wasu magunguna, irin su mefloquine na zazzaɓi da efavirenz na ƙanjamau da propranolol na hawan jini, kuma yakan tafi idan sanadin ya tafi. Wanda ke maimaita abin da ya faru da mutum a zahiri, dare bayan dare, ya wuce wata guda, har ya hana shi kusantar shimfiɗa, wannan ciwo ne. Kuma yana ciyar da kansa, domin duk daren da ya ƙi kwanciya, matakin barcin mafarki da ya rasa yana taruwa, ranar da gajiya ta kayar da shi sai ƙwaƙwalwa ta rama abin da ta rasa, mafarkin ya zo da tsawo da ƙarfi fiye da da, tsoron ya ƙaru, gobe ya sake zama a tsakar gida.

Ƙwayar kemis ɗin nan ita ce na fi so a hanzarta a kanta. Ki duba sunan da ke jikin katin. Idan irin su diazepam ce, jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, mutum ya riƙa ƙara yawa, kuma yanke ta farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya kawo rawar jiki da jijjiga da mafarkin da ya fi na farko muni. Saboda haka kada ki ɓoye ta, kada kuma ya daina da kansa, a kai wa likita katin ya tsara yadda za a rage ta a hankali. 

Batun cewa ba a faɗar mugun mafarki, gaskiya ne an koyar da mu idan mun ga abin ƙi mu nemi tsari, mu yi tofi sau uku a hagu, mu juya ɗaya gefen, kada mu yi ta yayatawa. Sai dai malamai sun karantar da cewa daga cikin mafarki akwai wanda zancen zuci ne, abin da ya cika ran mutum a farke shi yake gani a barci. A fahimtata, wanda ya bayyana wa likita ciwonsa neman magani yake yi, ba yayata mafarki ba, kuma zai yi kyau ki nemi malamin da maigidanki ke girmamawa, ko wansa, ya faɗa masa haka da bakinsa, domin namiji a irin wannan hali yakan fi jin maganar na sama da shi.

Magani akwai. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka jarraba ba ta ma bukatar ƙwaya: da rana, tare da ƙwararre, mutum zai ɗauki mafarkin ya sauya masa ƙarshe yadda yake so, misali ya ga kansa ya fito titi 'yan'uwansa suna jiransa, sannan ya riƙa bitar sabon labarin a zuci na minti goma zuwa ashirin kullum. Cikin makonni mafarkin kan rage zuwa, ya kuma rage zafi. Ku je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ko ku fara da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tura ku inda ya dace. Na san sunan da mutane ke kiran asibitin Barnawa da shi, na kuma san sunan nan ya hana mutane da yawa lafiya, alhali masu rashin barci da damuwa da firgici duk can ake duba su, su koma gida a ranar. Idan kuwa ya fara cewa gara ma ya mutu, kada a kwana ba a kai shi ba.

Kafin nan, idan ya fara ihu kada ki riƙe shi. Ki matsa gefe, ki haska fitila, ki kira shi da sunan da kika saba, ki ce masa gida yake, a Rigasa, ga yara can suna barci, ki yi ta maimaitawa har idonsa ya dawo ɗakin. Ke ma ki samu barcin rana ko na awa ɗaya ne, ki bar wa wata 'yar'uwa girki wani lokaci, domin gidan yanzu a kanki yake tsaye.

Tambaya: Ɗana mai shekara huɗu yakan zabura kamar awa biyu bayan ya yi barci, idonsa a buɗe yana tsala ihu, ba ya gane ni, da safe kuma bai tuna komai ba. Kakarsa ta ce gamo ya yi. (Wata uwa daga Unguwar Sanusi)

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na Hajiya. Wannan firgitar barci ce ta yara, ba ma mafarki ba ne, domin tana faruwa a barci mai nauyi na farkon dare, shi ya sa yaron ba ya tunawa, kuma mafi yawansu suna dainawa kafin su balaga. Gajiya da zazzaɓi da cikar mara da zafin ɗaki, irin na Maris da Afrilu idan an ɗauke wuta, duk suna tayar da ita. Yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana, saboda haka ki kwantar da shi da an yi isha'i, bayan ya yi fitsari, ki raba shi da waya. Idan abin ya zo kada ki girgiza shi ko ki watsa masa ruwa, ki dai tsare shi kada ya buge har ya koma barci da kansa. Idan kusan lokaci ɗaya yake zuwa kullum, ki ɗan tashe shi minti goma sha biyar kafin lokacin, na tsawon mako ɗaya ko biyu. Amma idan kika ga jikinsa yana sandarewa ko yana jijjiga, ko kumfa a baki, ko yana cizon harshe, ko abin yana zuwa sau da yawa a dare ɗaya, ki ɗauki hoton bidiyonsa da waya ki kai shi wurin likitan yara ya duba ko farfaɗiya ce.