Kyarkyarar kaza da ƙwan da ake bari a gurbi

Wa alaikumus salam 'yata, na ga saƙonki tun jiya, wuta ce babu na kasa cajin waya. Kin ce kajin da aka ba ki kika tafi da su Samaru sun hana ki sakat da ihu in za su yi ƙwai, wai ko ciwo suke ji, kuma me ya sa Iya ba ta taɓa kwashe ƙwai duka sai ta bar guda.

Toh ki lura da kyau gobe, yawancin ihun ba lokacin da take saka ƙwan bane, sai ta gama ta fito daga gurbi tukuna ta ɓarke da kyarkyara, zakara kuma ya amsa mata daga can bakin zaure kamar shi ya yi aikin. Kafin nan ɗan gunaguni kawai za ki ji tana zagaye tana neman lungu. Ƙwai ɗaya yakan ɗauki kusan awa 25 kafin ya haɗu a cikinta, da nauyi kam, amma wadda ƙwai ya maƙale mata ai shiru take yi ta takure fukafukai a ƙasa, wannan ce abin tsoro ba mai surutu ba.

Asalin kaza tsuntsuwar daji ce daga can wajen Indiya da maƙwabtanta, in za ta yi ƙwai sai ta ware daga 'yan uwanta ta ɓuya, to masu nazarin dabbobi suna ganin kyarkyarar kira ce, ina kuke, ga ni nan na gama, zakara ya zo ya raka ta. Wasu kuma sun ce janye hankalin muzuru da su gafiya take yi daga inda ƙwan yake. Ni dai na fi yarda da na farkon don na sha gani da idona a gidanmu na Kwarbai. Har kajin gidan gona irin Shika Brown ɗin nan da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI nan Shika ba su daina ba, ki shiga keji da hantsi ki ji kunnenki.

Iya kuwa Allah ya jiƙanta, kyarkyarar nan ce agogonta, tana ji za ta ce maza a bi a ga inda ta fito, ko bayan rumbu ko ƙarƙashin gado ko cikin tsohuwar tukunya. In kika kwashe kaf kazar gida sai ta ɗauka an gano ta, ta canza wuri, wataran ma gidan maƙwabta za ta koma kuma kin san rigimar da ke biyo baya. Shi ya sa ake barin ɗaya a shafa masa gawayi don a gane tsoho da sabo.

In ta tara kamar 10 zuwa 12 za ki ga ta daina kyarkyara ta kama kwanci, tana saran hannu, ki ƙyale ta da ruwa da tsaba kusa, kwana 21 sai 'yan tsaki. Da damina in kin samu ƙwan zabi a kasuwar Sabon Gari ki sa mata, amma shi sai kwana 28, kar ki haɗa su rana ɗaya ta tashi ta bar na zabin. Ki gaida mai gidan, ki ce ya gyara miki akurkin kafin ruwa ya sauka.