Amsa ga mai tambaya kan diff da ke cewa komai ya bambanta

Wallahi ɗan'uwa na tausaya maka. Ka ce ka kwafo folda daga Windows zuwa sabar Linux, ka buga `diff -r`, umarnin kwatanta fayiloli, sai ya zubo maka dubban layuka, alhali ko harafi ɗaya ba ka ga ya canza ba. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya sha wannan takaicin.

Kusan kullum ƙarshen layi ne ke jawo haka. Windows na rufe layi da ɓoyayyun alamomi biyu, CR da LF, Linux kuwa LF kaɗai. Wannan CR ɗin ido ba ya ganinsa, amma diff na ƙirga shi, don haka kowane layi ya zama baƙo. Buga `cat -A sunan_fayil | head`, in ka ga `^M$` a ƙarshen layuka, to shi ne. Abin haushin ma, wani editan yakan sauya maka shi a ɓoye, ka buɗe fayil ka adana kawai, shi ke nan ya ɓata maka duka. Maganinsa:

`diff -rq --strip-trailing-cr -x .git tsoho/ sabo/`

`tsoho/` da `sabo/` su ne foldoji biyun da kake kwatantawa, `-q` kuma zai ba ka sunayen fayilolin da suka bambanta kawai. Daga nan ka ɗauki ɗaya ka duba da `diff -u --strip-trailing-cr`. Kada ka yi saurin sa `-w`, yana haɗiye duk bambancin tazara, kuma a Python ko YAML tazarar nan ita ce komai.

Af, ka sani diff bai damu da izinin fayil ko mai shi ba. Na wannan sai rsync, umarnin kwafe fayiloli: `rsync -avnci --delete tsoho/ sabo/`. Don Allah ka kalli `n` ɗin nan na cikin `-avnci` sau biyu kafin ka danna Enter! In babu shi, ba gwaji kake ba, rsync zai share duk abin da ke `sabo/` wanda babu shi a `tsoho/`, kuma babu kwandon shara da za ka je ka tono. Karan `/` da ke ƙarshen `tsoho/` ma ba ado ba ne, in ka cire shi foldar kanta zai cusa cikin `sabo/`.

In a cikin sikirif za ka sa, diff na dawo da 0 in sun yi daidai, 1 in da bambanci, 2 in an samu matsala. Da `set -e`, mai tsayar da sikirif in wani umarni bai dawo da 0 ba, wannan 1 ɗin zai tsayar maka da aiki, sai ka sa shi cikin `if`.