Me ya sa kubbar masallacin kwali take yamutsewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ina koyar da 'yan aji 5 da 6 aikin hannu. Mun ɗauko gina ƙaramin masallaci da kwali, mai hasumiya da kubba, don nunawa iyaye a ƙarshen zango. Bango da hasumiya sun tsaya, sai dai bangon ya bankare bayan gam ya bushe. Kubbar ce ta gagare mu. Duk yadda muka yanka da'ira muka lanƙwasa ta, sai ta yamutse. Wani ya ce mini sai da kwamfuta ake tsara irin wannan. Gaskiya ne? Kuma wace takarda ya kamata mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan wannan aiki da kake yi da yara. Ka kwantar da hankalinka, laifin ba na hannunka ba ne, ba kuma na yaran ba. Halin takarda ne. Takarda tana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya kawai a lokaci guda. Ka naɗe ta ta zama bututu, za ta yarda. Ka murɗa ta ta zama mazurari, za ta yarda. Amma kubba ta lanƙwashe gaba da baya, ta kuma lanƙwashe dama da hagu, duk a wuri ɗaya. Kafin shimfiɗaɗɗen abu ya ɗauki wannan siffa dole wani sashe nasa ya miƙe, wani ya takure, ita kuwa takarda ba ta miƙewa. Abin da ba ta iya takurewa shi ne yake fitowa a matsayin yamutsa. Masanin lissafin nan na Jamus, Carl Friedrich Gauss, ya kafa hujjar wannan tun 1827. Idan kana so yaran su gani da idonsu, ka ba su ɓawon rabin lemo ka ce su shimfiɗe shi a kan benci ba tare da ya tsage ba.

To tunda ba za ta lanƙwasu ba, sai a yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta lanƙwasa ta fuska ɗaya, haɗuwarsu ta ba ido siffar kubba. Masu zanen taswira ne suka daɗe da wannan dabara. A 1507 Martin Waldseemüller ya buga taswirar duniya a kan yanka 12 masu tsini sama da ƙasa, don a yanke a manna a jikin ƙwallo. Kubbarka rabin wannan ce, kuma ga lissafinta.

Mu ce kana son kubba mai faɗin santimita 10, rabin ƙwallo cif. Kewayen gindinta 10 sau 3.14, wato santimita 31.4. Raba shi gida 12, kowane yanka zai sami faɗin milimita 26 a gindi. Tsawon yankan kuwa ba tsayin kubbar ba ne, nan mutane da yawa suke zamewa. Tsawon hanyar da za ka bi a bayan kubbar ne daga gindi zuwa ƙololuwa, wato kashi ɗaya cikin huɗu na kewaye, kusan milimita 79. Ja miƙaƙƙen layi mai wannan tsawo, ka raba shi gida 6 daidai wa daida, kowane gida kusan milimita 13. A kowace alama ka gicciya gajeren layi wanda tsakiyarsa ta hau kan dogon layin. Faɗinsu daga ƙasa zuwa sama: 26, 25, 23, 18.5, 13, 7, sai tsini. Haɗa bakunan da fensir a hankali, za ka ga siffa kamar kan mashi mai ciki. Lura da yadda faɗin yake raguwa kaɗan-kaɗan a ƙasa, sannan ya zube da sauri a sama. Idan ka ja miƙaƙƙun layuka daga gindi zuwa tsini, dala za ka samu, ba kubba ba. In kubbarka ta ninka wannan girma, ninka duk lambobin.

Yanke guda ɗaya a kwali mai ƙarfi ya zama abin kwafa, sannan ka zana 12 ɗin a jere, gefe da gefe, gindinsu a kan ɗamara guda mai faɗin santimita 1 ko 2. Kada ka raba su da ɗamarar. Ita ce wuyan kubbar, kuma ita za ta hana su karkacewa. Kafin gam ya taɓa komai, ja kowane yanka a gefen tebur ko ka naɗe shi a jikin fensir har ya ɗauki lanƙwasa da kansa. Wannan mataki ne da gaggawa ke sa a tsallake, alhali shi ke raba kubba mai santsi da mai kusurwoyi. Gam aikinsa riƙewa ne. Idan ka bar masa aikin lanƙwasa kwali, wurin zai ɓalle ko ya kumbura.

Wajen haɗawa ni ba na son kunnuwan mannawa, wato ɗan rarar kwalin da ake bari a gefe don shafa gam, a gefen da ya lanƙwashe, don suna ɗaga gefe ɗaya a kan ɗaya, layin ya fito fili. Na fi son a kawo baki da baki su haɗu, a bi ta ciki da siririn tsirin takardar rubutu mai gam. Ka fara daga gindi, ka haɗa biyu-biyu, ka ba kowane haɗi ɗan lokaci a tsakanin yatsunka. A can sama tsini 12 ba za su taɓa haɗuwa tsaf ba, ko a hannun gwani. Datse musu kai kaɗan, ka rufe ramin da 'yar ƙaramar da'ira, wurin da dama za ka kafa jinjirin wata. Daga ƙarshe ka sa faifan kwali mai kauri a cikin wuyan, shi zai tilasta wa gindin ya zauna a da'ira sosai.

Akwai hanya ta biyu, ta zobba: a yanka kubbar a kwance, zobe a kan zobe, kowane zobe guntun mazurari ne. Ta fi dacewa da tulluwar ginin ƙasa irin ta soron gargajiya, wadda ba ta da tudu sosai, zobe 2 ko 3 da murfi sun wadatar. Lissafin mazurari kuma yana da sauƙi, zai yi maka amfani a kan hasumiya ko jinkar ɗaki. Raba rabin faɗin gindi da tsawon gangaren, ka ninka da 360. Jinka mai rabin faɗi santimita 4 da gangare santimita 6 tana buƙatar digiri 240 daga da'irar da ka buɗe kamfas santimita 6 ka zana. Sauran 120 ɗin a cire, a bar ɗan kunne.

Batun bangon da ya bankare kuwa, ruwa ne. Farin gam irin na kafintoci shi ne mafi kyau ga wannan aiki, amma da ruwa a cikinsa. Gefen da ya jiƙa yana kumbura, in ya bushe ya ja, sai bango ya bi shi. Yara suna ganin yawan gam shi ne ƙarfi. Ka karɓe robar daga hannunsu, ka ɗiga kaɗan a murfin kwalba, kowa ya ɗiba da tsinken sakace ya shafa siriri a kan kunne kawai, har ya zama da ƙyar ake ganin farinsa. In gam ya ɓullo gefe bayan ka danna, ya yi yawa. Sannan babban bango ba ya tsayuwa da fatarsa kaɗai, sai da ƙashi a ciki. Yi wa masallacin bene da rufi na kwali mai kauri, ka gicciya bango ɗaya ko biyu a ciki inda ba a gani. Kwalin sukari ko na maganin sauro ya isa, in ka manna biyu ka danne su a ƙarƙashin littattafai su kwana. Wannan ƙashi shi zai riƙe aikin idan damina ta shigo takarda ta yi laushi. Da hunturu kuma gam yana kamawa nan da nan, don haka ka gwada haɗa kowane sashe a bushe tukuna, ka tabbata ya zauna.

Wani abu da ba a cika sani ba: takarda tana da jijiya. A masana'anta zarurrukanta sun fi kwanciya ta fuska ɗaya. Riƙe kwalin ka ɗan tanƙwara shi ta tsawo, ka sake tanƙwara shi ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi saurin ba da kai. Hasumiya mai siffar bututu a naɗe ta ta wannan fuska mai sauƙi. In ka saɓa, sai ta fito da ƙananan karaya a jiki maimakon santsi.

Wajen saye ka dubi lambar da ke jikin kunshin. Takardar ofis 80gsm ce, wato nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, ta yi laushi ga bango, amma ta yi daidai da gwaji da tsirin mannawa. Tsakanin 160 da 180 shi ne gidan wannan sana'a: tana tsayuwa, tana kuma naɗuwa. Daga 220 zuwa sama tana fashewa a bakin naɗi, injinan bugawa da yawa ma ba sa jan ta. Kubba ƙarama kamar wadda muka lissafa za ta fi kyau da 120 zuwa 160. Duk inda za a naɗe, a fara bin layin da biron da tawadarsa ta ƙare, a jikin rula, a danna ba tare da an huda ba. Ba na yarda a naɗe kwali ba tare da wannan ba, don ko milimita ɗaya naɗi ya kauce, in aka zagayo kusurwa ta huɗu bakin ba zai haɗu ba. Kunnuwan mannawa na miƙaƙƙen gefe su kai kamar milimita 5, a sare kusurwoyinsu, kuma kowane haɗi kunne ɗaya ne, ba biyu ba. Rubuta lamba iri ɗaya a kunne da gefen da zai tarbe shi.

Ban ga ka ambaci ma'auni ba, kuma ina so ka sa shi a aikin, don a nan yara za su fi ƙaruwa. Kada a ƙirƙiri girman ƙofa da ido. A ma'aunin 1:100 kowace mita ɗaya santimita ɗaya ce. Hasumiyar babban masallacin Agadas tsayinta mita 27, a wannan ma'auni ta zama santimita 27, ta shiga takardar A4 mai tsawon santimita 29.7. Ita ma abar gwaji ce mai kyau, don ba ta da lanƙwasa ko kaɗan: fuska huɗu ne masu faɗi a ƙasa da tsukewa a sama, itatuwan da suka leƙo daga jikinta kuma tsinken tsintsiya ya wadatar. Amma ga hannun ɗan aji 5, 1:50 ya fi, inda ƙofa mai mita 2 za ta zama santimita 4. Ka ɗauki tef ɗin awo ku je masallacin unguwa ko na makaranta da izinin liman, yara su auna, su dawo aji su raba da 50.

Saura maganar kwamfuta. Ba gaskiya ba ne cewa sai da ita. Mai zanen nan na Nuremberg, Albrecht Dürer, ya buga siffofi a warware, yadda za a yanka a naɗe, tun 1525. A ƙarni na 19 maɗaba'ar Pellerin a garin Épinal na Faransa da ta Schreiber a Esslingen na Jamus suna sayar da takardun gine-gine na yankawa da mannawa. A Polan mujallar Mały Modelarz ta fara fitowa a 1957 da jiragen sama da na ruwa na kwali, dukansu da rula da kamfas aka zana su a wancan lokaci. Masallaci akwati ne da bututu da mazurari da rabin ƙwallo, babu wanda fensir ba zai warware ba.

Inda kwamfuta ke da rana shi ne siffa mai fuskoki barkatai, kamar kan doki ko jikin mota. Ana gina siffar a manhajar Blender, wadda kyauta ce, sannan a kai ta Pepakura Designer na kamfanin Tama Software a Japan, ta warware ta, ta sa kunnuwa da lambobi. Amma ko ita ba ta san hannun mutum ba. In ka bar mata zaɓi za ta yanka maka a tsakiyar fuska inda kowa zai ga ɗinkin, ko ta ba ka 'yan gutsattsari da yatsa ba ya iya riƙewa. Kai ne za ka nuna mata inda za ta tsaga, ka ɓoye haɗi a ƙasa ko a baya, ka kuma rage yawan fuskokin tun a Blender. Warwarewar ma ba ƙaramin ilimi ba ce. Tambayar da masanin lissafi Geoffrey Shephard ya yi a 1975, ko kowace siffa mai fuskoki marar loko tana warwaruwa ta gefunanta a yanki ɗaya ba tare da wani sashe ya hau wani ba, har yanzu ba a amsa ta ba. Ga yaranka kuwa, akwati mai fuska 6 daidai yana da hanyoyin warwarewa 11. Ka ce su nemo su, za ka ga aji ya ɗauki zafi.

Idan kana son ganin yadda gwanaye ke tsara nasu, shafin Canon Creative Park yana ba da zane-zane kyauta. Ka buga ɗaya ka gina kafin ka tsara naka, za ka koyi inda suke sa kunne da abin da suke fara haɗawa. In ka kai shagon bugawa, ka tsaya a kan mai injin ya buga a kashi 100 cif, kada ya bar injin ya daidaita zanen da shafi, in ba haka ba wani shafi ya ragu wani bai ragu ba, sassan su ƙi haɗuwa. Bugun leza ba ya zuba in gam ya taɓa shi, amma launinsa yana tsagewa a bakin naɗi. Bugun tawada bai tsagewa, sai dai jiƙaƙƙen yatsa yana ɓata shi. Farin bakin da yanka ya bari a bi shi da fensir mai launi kafin a manna.

Reza da wuƙar yanka su tsaya a hannunka kai kaɗai, da rular ƙarfe, a kan katako ko tsohon kwali. Yara su riƙe almakashi, su yi awo, zane, bin layi da mannawa. Kuma kubbar farko ku yi ta da takardar ofis, ku ɗora a kan ginin ku ga ko girmanta ya dace da hasumiya, kafin ku taɓa kwalin da kuka saya da kuɗi.