Amsar Baffa a kan dutsen sojoji na Lakwaja

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da fatan zafin Lakwaja bai hana ka aikin bautar ƙasa ba. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ga ginin tunawa da sojoji da ke cikin gari, ga tsofaffin igwa a gefensa, ka karanta sunaye ka tarar da yawa namu ne: wane Kano, wane Katsina, wane Bauci. Kana tambaya ko wannan al'adarmu ce, ko ya halatta Musulmi ya tsaya a wurin, kuma me ya hana garinmu yin irinsa alhali mu ma mun rasa mutane a soja.

Da farko ka sani ba kabari ka gani ba. Babu gawa ko ɗaya a ƙarƙashinsa. An yi shi ne bayan yaƙin duniya na ɗaya, don mutanen da suka mutu nesa da gida. Wasu a Kamaru suka faɗi tsakanin 1914 da 1916, wajen Garwa da dutsen Mora, inda Jamusawa suka ƙi saukowa sai a watan Fabrairun 1916. Wasu kuma an zuba su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, kuma a Mahiwa, cikin Oktoban 1917, an yi wa rundunar Najeriya mummunar ɓarna. Ba harsashi kaɗai ba, zazzaɓi da atini da yunwa sun ci mutane ba adadi. Lakwaja kuwa gidan soja ce tun asali. Rundunar da Lugga ya haɗa a 1897 ta zauna a can, a can ne kuma ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900. Akwai irin wannan gini a Zariya da Ibadan da Kalaba.

Su Turawa suna da dalilinsu. Gwamnatin Ingila ta hana a dawo da gawawwakin sojojinta gida, aka binne kowa kusa da inda ya faɗi, wasu ma ba a samu abin binnewa ba. Uwa ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Sai kowane gari ya haɗa kuɗi ya kafa dutse a bakin kasuwa ko gaban coci, ya rubuta 'ya'yansa a kai. Daga nan abin ya zama al'adarsu, suka taho mana da ita.

Mu ba haka muke tuna mamaci ba. Ka san maƙabartar garinmu: tudun ƙasa, ɗan itace ko fasasshiyar tukunya don a gane wuri, shi ke nan. Bayan damina biyu uku sai ya baje, mai kuɗi da talaka ba a rarrabewa. Wannan ba sakaci ba ne. Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Ali da umarnin kada ya bar mutum-mutumi sai ya shafe shi, kada ya bar kabari mai tozo sai ya daidaita shi. Don haka mamacinmu a bakin masu rai yake zama. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko da yake malamai na jayayya a kan waɗannan, ni kuma ba zan shiga tsakaninsu a wasiƙa ba. A biya masa bashi, a kula da marayunsa, in an haifi yaro a mayar da sunansa, shi ya sa gidajenmu suka cika da su Abba da Baffa da Ummi. In jarumi ne makaɗa su ɗauki kirarinsa. A Tsuntsuwa, cikin 1804, jama'ar Shehu Usmanu sun rasa mutane masu yawa, an rubuta cewa mahaddata Alƙur'ani kusan 200 na cikinsu. Ba wanda ya sassaƙa musu dutse, amma ga shi bayan shekara fiye da ɗari biyu ina ba ka labarinsu, domin malamai sun rubuta, almajirai sun haddace.

To amma wannan hanya tamu sai da dangi take aiki. Wanda ba shi da mai maimaita sunansa, ya tafi ke nan. Ka sake duba sunayen nan da ka karanta. Ba sunan uba a jikin yawancinsu, sai sunan gari. Haka ake rubuta soja a lokacin: me sunanka, daga ina kake, a haɗa biyun a ba ka lamba. Da yawansu bayi ne da suka gudu, ko waɗanda bashi ko rigima ta kora daga gida, ko waɗanda aka ce wa hakimi ya kawo mutum kaza ya damƙo maras gata. Wani ma da gangan ya faɗi garin da ba nasa ba don kada a bi sawunsa. Wa zai yi wa irin wannan sadakar arba'in? Wa zai mayar da sunansa? In ka cire wannan dutse, babu wani wuri a duniya da ya nuna an taɓa haihuwarsa.

A gidanmu ma haka ta faru. Wan kakanka ya tafi yaƙin Hitila, aka kai su Bama ta can Asiya, wadda yau ake ce wa Myanmar, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a dazukan Kaladan da Arakan. Bai dawo ba. Takarda ce ta zo hannun hakimi, aka aiko dogari ya faɗa. Matarsa ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ba tare da an ga likkafani ba, kuma ita ma ta yi sa'a, don waɗanda ba a aiko musu da komai ba sai da suka yi ta zarya gaban alƙali kafin a san matsayin aurensu. Bai bar ɗa ba. Kakanka ya sa wa babanka sunansa, abin da ya riƙe shi a gidan ke nan har yau. A Taukkyan, arewa da Yangon, akwai bango mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma 'yan Afirka ta Yamma na ciki.

Akwai kuma wani dalili da ya sa iyayenmu ba su ɗauki wannan gini nasu ba, kuma bai kamata in ɓoye maka ba. Rundunar da aka rubuta sunayenta ita ce ta fasa Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi ta kashe shi a Yuli. Shekara goma sha ɗaya kacal tsakanin wannan da yaƙin Kamaru. Tsohuwar da ta ga an ƙone garinsu ba za ta kai fure gaban sunan sojan Bature ba, ko da ɗan ƙanwarta ne. Shiga soja abin kunya ne a gidaje da yawa har kusan samun 'yancin kai. Ka je ka tambayi tarihin barikin Chari Maigumeri da ke nan Lakwaja kusa da kai. Mutumin Barno ne, ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi, ya koma wa Ingila, ya kai samanja, har Bama ya je. Jarumi ne ba shakka, amma yaƙin na wa ne? Saboda haka ni ba na saurin kiran kowa shahidi, ba na kuma zagin kowa. Niyyarsu tana wurin Allah.

Ko Turawan ma ba su yi adalci a rubutun ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fito ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Yawancinsu 'yan dako ne masu ɗaukar abinci da harsashi a ka. Gwamnatin Ingila ta nemi afuwa. Ke nan waɗanda ka karanta su ne masu rabo a cikinsu.

Game da tsayuwa a wurin, ga abin da nake yi, ka kuma tambayi malaminka. Ina zuwa, ina karanta sunaye, ina roƙa wa Musulmin ciki gafara, sauran kuma, Tibi ne ko Yarbawa ko Dakarkari, ina ba su girman da ake ba wanda ya mutu a baƙon wuri. Annabi (SAW) ya kasance yana ziyartar shahidan Uhudu, kuma har yau muna karanta sunayensu a littattafan sira, Sayyidina Hamza a gaba. Rubuta suna ba shirka ba ne. Abin da ba na yi shi ne rusuna wa dutse, ko shafa shi don neman tabarruki, ko yarda a sassaƙa mutum-mutumin soja a kafa a garinmu. Fure kuma ba ya isa ga mamaci, kuɗinsa gara a saya wa marayansa hatsi. Idan aka ce a yi shiru na minti ɗaya, ba wanda ya hana zuciyarka addu'a.

Za ka ga bikin da idonka ranar 15 ga Janairu. Da can 11 ga Nuwamba ake yi, ranar da aka tsagaita wuta a 1918, daga baya aka mayar da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A yi fareti, a busa bigila, a harba bindiga, gwamna ya ajiye furanni ya saki tattabaru, a yi addu'a a masallacin Juma'a da coci kafin ranar. Ba laifi. Amma ka lura da 'yan mazan jiya da ke zaune a gefe cikin tsohon kaki, lambobi a ƙirji, wasu ko kuɗin motar komawa gida ba su da shi. Ni wannan ya fi damuna a kan batun halaccin dutse. Na san mata biyu a unguwarmu da suka tsufa suna yawo ofis-ofis da takardun mazajensu a cikin leda.

Me ya sa garinmu ba shi da irinsa? Don ba wanda ya tashi ya yi, kuma a ganina an yi asara. Mun kai 'ya'ya Kwango a farkon shekarun 1960, mun rasa wasu a yaƙin basasa, wasu a Laberiya da Saliyo, yanzu ga na Barno da Yobe da dajin Zamfara, waɗannan kuwa ƙasarsu suke tsarewa ba ta Bature ba. Barikokinmu sun riƙe sunayen wuraren da aka yi yaƙi, Bukavu a Kano, Dalet a Kaduna, Mogadishu a Abuja, amma kurtun da ya mutu a can ko dagacinsa ba zai iya kawo maka sunansa ba. Ba gunki nake so a yi ba. Allo nake so, farar fuska ba zane, a bangon makarantar firamare ko zauren hakimi: sunan mutum, na ubansa, unguwarsu, inda ya rasu da shekara. A ajiye littafi kuma a hannun liman mai nuna wa ya bari, don in an zo rabon zakka a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Na faɗa wa hakimi wannan magana, ya ce in kawo masa sunaye tukuna.

Saboda haka in ka sami sarari ka koma wurin da takarda, ka kwafo duk sunan da ke ɗauke da garinmu ko na maƙwabta, da lambar soja in an rubuta. In ka zo hutun salla kuma ka zauna da Goggonka babba, ita ta san gidajen da aka kai wa takarda lokacin yaƙin basasa, kuma shekarunta sun ja. Ka taho da wayarka ka ɗauki muryarta.

Mutanen gida duk suna gaishe ka. Innarka ta ce ka riƙa kwana cikin gidan sauro. Allah Ya yi maka albarka.

Baffanka