Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6: wanne ya cancanci kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a wani shago a Wuse 2, an nuna min guda biyu, mai Wi-Fi 5 da mai Wi-Fi 6 wadda ta fi tsada. A gida ƙaramar MiFi ta 4G nake amfani da ita. Ƙarin kuɗin zai yi amfani kuwa? Daga mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, muddin da wannan MiFi za ka ci gaba, da wuya ka ga bambanci. Kwamfuta da na'urar da ke ba ta intanet sukan daidaita ne a kan ƙarfin wadda ta fi rauni, kuma yawancin ƙananan MiFi a zangon 2.4 GHz kaɗai suke aiki. Bayan haka, saurin da layin MTN ko Airtel ke kawowa unguwarku bai kai abin da Wi-Fi 5 ke iya ɗauka ba.

Abin da ya fi lambar 5 ko 6 muhimmanci shi ne katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar. Wi-Fi 5, wato 802.11ac, mai eriya biyu yana kaiwa saurin 867 Mbps (megabit a daƙiƙa) a takarda, mai eriya ɗaya kuwa 433 ne. Wi-Fi 6, wato 802.11ax, mai eriya biyu yana kaiwa 1,201 a faɗin zango iri ɗaya. Amma ainihin fa'idarsa tana fitowa ne inda na'urori suka yi cunkoso a kan rauta (na'urar da ke rarraba Wi-Fi) ɗaya, kamar ofis ko ɗakin karatu, da sharaɗin ita ma rautar Wi-Fi 6 ce.

Wadda za ka guje wa ita ce kwamfuta mai araha, musamman ta hannu, da ke ɗauke da katin 802.11n na 2.4 GHz kaɗai, irin Realtek RTL8723BE. Wannan zango ya cika maƙil da Bluetooth da rautocin maƙwabta, shi ya sa kiran bidiyo ke yawan tsinkewa. Zangon 5 GHz ya fi sarari, sai dai bangon bulo da siminti yana rage masa ƙarfi sosai. Kuma kada a ruɗe ka, 5 GHz ba shi da alaƙa da 5G na waya.

Kafin ka biya, sa a kunna maka ita. Buɗe Command Prompt, rubuta netsh wlan show drivers, ka duba layin Radio types supported. In ka ga 802.11ac ko 802.11ax, lafiya lau. Sannan ka shiga Device Manager, ƙarƙashin Network adapters, ka karanta sunan katin. Intel AX200 da AX201 Wi-Fi 6 ne masu eriya biyu. AX210 kuma Wi-Fi 6E ne, wanda zangonsa na 6 GHz ke buƙatar Windows 11 da rauta ta musamman.

A ganinmu, in bambancin farashin mai yawa ne, ɗauki mai Wi-Fi 5 mai eriya biyu, ka zuba ragowar kuɗin a RAM (ƙwaƙwalwar aiki) da SSD (ma'ajiyar fayiloli). A kwamfutoci da yawa katin yana zaune ne a ramin M.2 2230, mai gyara zai iya musanya shi daga baya. Ka dai tambaya tun a shago ko an liƙe shi da dalma a jikin babban allon kwamfutar (motherboard), domin irin wannan ba ya cirewa. In za a musanya, AX200 ya fi sauƙin dacewa, tunda AX201 sai da wasu injinan (processor) Intel yake aiki.